Mita Ɗarin Abdulmannan

A unguwarmu ta bakin jinga, nan Haɗeja, babu mai shaidar ya taɓa ganin Abdulmannan yana gudu. Ko liman ya kai ruku'un ƙarshe, takunsa ɗaya ne: tumbi ya wuce gaba, shi yana biye. Shekarunsa arba'in da uku. Yana da mata, Bara'atu, da 'ya ɗaya, Aziza, wadda ke makarantar kwana, sai gonar shinkafa a fadama da ya gada wajen mahaifinsa. Amma in ya samu benci a teburin mai shayi, ba shi da wani zance sai na ƙafarsa. Ya ce yana aji shida ya yi tsere da jirgin ƙasa a tashar Malam Madori, ya bar shi a baya. Waɗanda suka san ranar sun ce bai yi ƙarya ba, sai dai jirgin kwanansa uku a tsaye yana jiran makaniki daga Kano.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika maƙil, hankalin kowa rabi yana gona, rabi yana kan jinga, tudun ƙasar da ke tsakaninmu da ambaliya. Ana nan sai wata mota mai lasifika ta zaga gari. Ƙungiyar manoman rani ta yankinmu za ta yi bikin cika shekara goma nan da mako uku, a filin makarantar firamare. Cikin wasannin akwai tseren mita ɗari na magidanta, daga ɗan shekara talatin da biyar zuwa sama. Wanda ya zo na ɗaya zai tafi da sabon injin ban ruwa.

A teburin mai shayi, Abdulmannan ya ajiye kofinsa a hankali, ya share baki.

"Da sun hutar da kansu sun kawo min injin gida kawai," in ji shi.

Abokinsa Zarami, direban adaidaita-sahu, ya dube shi daga hula zuwa silifa. "Kai Mannan, jiya ba ni na ɗauke ka daga nan zuwa wajen mai tsire ba? Ga mai tsiren can, ina hango hayaƙinsa."

"Tanadin ƙafa nake yi. Ƙafa irin wannan ba a ɓata ta a zuwa sayen nama."

"To tanadin ya kai shekara talatin. Kada ka buɗe ka tarar gara ta cinye."

A gida, Bara'atu tana tankaɗe ta ji labarin. Ba ta ɗago kai ba.

"Baban Aziza, shinkafa ta fara nuna. Tsuntsun jan-baki ya sauka a fadama tun shekaranjiya. Kowa ya tare a gonarsa da gwangwani da majajjawa yana korar tsuntsu, tamu ce kaɗai babu kowa."

"Ana maganar inji kina maganar tsuntsu. Kin san abin da inji zai yi mana? Alkama a rani, tumatir a gefe, albasa a ƙarshen gona. Nan da shekara biyu, in kina nemana sai dai ki aika ofis."

"Wane ofis?"

"Za a gina."

Washegari ya je gonar sau ɗaya. Ya kafa sanda, ya sa mata tsohuwar rigarsa da hula, ya ce wannan mutum-mutumin ya ishi kowane tsuntsu tunda da siffarsa aka yi shi. Daga nan bai sake komawa ba.

Horo kuwa a waya ya koya. Ya yi kwana biyu yana kallon bidiyon 'yan tseren ƙasashen waje, ya gano cewa a durƙushe ake farawa, ba a ɗaga kai sai an yi taku ashirin, kuma takalmi sai mai ƙusa. Ya kai tsohon kambas ɗinsa wajen mai gyaran takalmi aka jera masa ƙusoshi a ƙasa. Ya datse wani wandonsa iya gwiwa. Saura awon fili, sai ya kwance igiyar guga daga rijiya.

"Igiyar nan mita goma ce cif, ni na sayo ta," ya ce wa Zarami. "In muka shimfiɗa ta sau goma, mita ɗari ke nan."

Bara'atu ta leƙo daga madafi. "Baban Aziza, igiyar nan fa..."

"Bara'atu, wannan lissafi ne. In an zo maganar gishirin miya za a neme ki."

Ta koma madafinta. Abin da ta so ta faɗa shi ne, tun da damina ta sauka ruwan rijiya ya taso sama, ta yanke kusan rabin igiyar tana shanyar kaya da shi.

Suka shimfiɗa igiya sau goma a lungun bayan gida, awo ya ƙare daidai gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan Iya 'Yar'azumi. Zarami ne mai danna agogon waya. Ranar farko Abdulmannan ya yi sakan goma sha ɗaya, ya kwanta a gindin bishiyar rabin awa yana numfashi kamar zugar maƙera. Rana ta huɗu Zarami yana ɓare gyaɗa, bai danna da wuri ba, agogo ya nuna tara.

Abdulmannan ya karɓi wayar ya yi ɗan bincike.

"Zarami, mutumin da ya fi kowa gudu a duniya, sakan tara da rabi da ɗoriya yake yi. Ni tara cif. A lungu. Kuma ko karyawa ban yi ba."

"Ni ma abin ya ɗaure min kai," in ji Zarami. "Don ina kallonka, kuma na sha ganin tunkiya mai ciki ta fi haka sauri."

"Idonka ne bai saba ba. Gudu in ya kai gudu, a hankali ido yake ganinsa, kamar fanka in ta ɗauki wuta."

Kafin azahar labari ya gama unguwa, kuma duk daga bakinsa. Ya ce daga yau a daina ce masa Mannan, a ce Walƙiya. Mutane suka karɓa da sauri, sai dai yadda suke ja sunan ba irin yadda ya so ba ne.

Iya 'Yar'azumi tsohuwa ce mai sana'ar turara shinkafa. Wata safiya da rana ta fito tar bayan kwana uku ana hadari, ta shimfiɗa tamfol a ƙofar gidanta ta baza shinkafa buhu biyu tana ta tururi, ta koma ciki. A ranar ne kuma Abdulmannan ya yanke shawarar cewa in sunkuyar da kai na taku ashirin yana ƙara gudu, to sunkuyarwa har ƙarshe ta fi. Ya durƙusa, Zarami ya ce tafi, ya taso kai a ƙasa kamar rago mai karo. Ƙusoshin takalmi suka cafki tamfol, tamfol ya taso ya naɗe shi, suka mirgina tare har bakin kwata. Shinkafa ta watsu ko'ina. Kafin ƙura ta lafa kajin unguwa sun hallara.

Iya ta fito da muciya a hannu, ta tsaya a kan ƙunshin tamfol.

"Wane ne a ciki?"

"Ni ne, Iya."

"Kai wa?"

"Abdulmannan."

"Na ɗauka jakin masu yashi ne ya tsinke. Da ma shi ne da sauƙi, shi ana iya ɗaure shi."

Ya fito da kai, shinkafa ta manne masa a gemu. "Iya, kin yi shanya a kan filin horo. Kin ɓata min sakan biyu."

"Filin me? Ɗan nan, a ƙofar nan nake shanya tun uwarka ba ta yaye ka ba. Me ya biyo ka?"

"Babu abin da ya biyo ni. Tsere nake yi."

"Da wa?"

"Da lokaci."

"To lokaci ya daɗe da wuce ka. Ga furfura a gemu, ga cinya a waje kamar figaggiyar kaza. Kana da 'ya budurwa, ba ka jin kunya?"

"Iya, in inji ya zo, ke ce ta farko da zan ja wa ruwa kyauta."

"Ina da rijiya. Durƙusa ka tsince."

Ya wuni a tsugune yana tsintar shinkafa cikin ƙasa, Iya na zaune a kansa da muciya, masu wucewa suna tsayawa su gaishe da Walƙiya da aiki. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa tsugunon ma yana cikin horo, yana ƙarfafa cinya. Da la'asar Iya ta sallame shi, ta ce in ta ƙara jin ƙarar ƙusa a lungun nan, tafasasshen ruwan turara shinkafa na kan wuta.

Sai ya mayar da horo kan jinga, inda hanya take miƙe, kogi a dama, gari a hagu. A nan ya zo da sabon darasi. Ya ce ya gani a waya ana jan ɗan tsere da igiya don ƙafarsa ta koyi saurin da ba ta sani ba. Ya ɗaura igiyar guga a ƙugu, ya ɗaura ɗaya bakin a bayan adaidaitar Zarami.

"Ka fara a hankali. In na ce ƙari, ka ƙara."

"Mannan, wannan abin da fasinja uku da buhun gero ma yana gudu fa."

"Damuwata kada in buge ka ta baya."

Taku goma na farko lafiya lau. A na goma sha biyar ƙafafunsa suka fara neman ƙasa suna rasawa. Ya buɗe baki ya ce, "Bari, bari!" Inji na ƙara, Zarami ya ji "ƙari, ƙari," ya girgiza kai don mamakin ƙarfin halin abokinsa, ya murɗa. Allah ya taimaka ƙullin igiyar ya kwance daga jikin adaidaita. Abdulmannan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, amma ba ta kan hanya ba. Ya gangara ta dama, ya kutsa cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, ya nutse a taɓo har wuya. Zarami kuwa ya yi gaba abinsa, yana ta yabon yadda mutumin bai da nauyin ja.

Da Abdulmannan ya ja jiki ya fito, ya duba cinyoyinsa, sai ya ga matsattsaku sun kai takwas sun kafa baki suna shan jini. Ya tuna gishiri ke cire su, kuma gishiri yana gida. To a nan kam, don a faɗi gaskiya, ya yi gudu. Shi ne gudu na gaske guda ɗaya da unguwarmu ta taɓa gani a wajensa.

Ya shigo unguwa ta ɓangaren jinga, jiƙe sharkaf, taɓo har wuya, igiya na jan ƙasa a bayansa, ido a waje. A watan da kowa ke kwana da kunne ɗaya a kogi. Mai shayi ya tare shi a bakin hanya.

"Mannan, ruwan ne?"

"Ruwan ne," in ji shi, bai tsaya ba.

"Ya kai ina?"

"Har wuya."

Mai shayi ya bar buta a kan wuta ya ruga. Cikin minti biyar aka kunna lasifikar masallaci ana cewa kowa ya nufi tudu. Mata suka fito da katifu a ka, yara a baya, ana jan awaki suna turjewa. Wani ya ɗauko talabijin ya manta da tsohonsa, ya koma ya ɗauko tsohon ya manta inda ya ajiye talabijin. Aka ɗora Iya 'Yar'azumi a kan amalanke tana rungume da tukunyar turara shinkafarta. Samari suka kwashi shebur da buhuna suka nufi jinga don su toshe inda ta ɓalle. Suka tarar da kogi kwance lafiya, sai Zarami shi kaɗai a bakin kacala, yana caccaka ciyawa da sanda yana kiran Mannan.

Mai unguwa da kansa ya je gidan Abdulmannan. Ya same shi a miƙe kan tabarma, Bara'atu na barbaɗa masa gishiri a cinya kamar mai shirin yin kilishi.

"Malam Abdulmannan, kai ka ce jinga ta ɓalle?"

"Ranka ya daɗe, ban ce ba. An tambaye ni ruwa, na ce ruwa."

"Ka san mata biyu sun suma, kuma har yanzu ana neman awaki huɗu?"

"Allah ya huci zuciyarka. Amma a duba wani abu, ranka ya daɗe. Yau duk unguwar nan ta yi gudu, babba da yaro. Wa ya riga ni zuwa gida?"

Mai unguwa ya ce, "Su daga gida suke gudu, kai kaɗai ke gudu zuwa gida." Ya kafa masa doka a gaban shaidu: daga ranar ba zai ƙara gudu a cikin unguwa ba, ko sauri zai yi sai ya fara aiko da sanarwa.

Saura kwana uku tsere, Bara'atu ta sa mayafi ta tafi gona da kanta. Ta dawo da damin zangarniya a hannu, ta ajiye masa a cinya. Ya murza ɗaya, babu ƙwaya ko guda, sai ƙaiƙayi.

"Wannan ce shinkafarmu ta bana," in ji ta.

"Mutum-mutumin fa?"

"A kansa suke hutawa in sun ƙoshi. Sun fara sheƙa a cikin hular." Ta zauna a bakin ƙofa. "Baban Aziza, bara buhu goma sha biyu muka ɗauko. Bana in an share gonar kaf ba za a cika biyu ba. In babu injin nan, ban san abin da za mu ci ba kafin wata damina."

Ya dubi zangarniyar, ya dubi ƙafarsa. Can ya nisa.

"Kin ga ma hakan ya fi. Yanzu babu abin da zai raba min hankali."

Ranar tsere filin makaranta ya cika. An ja layuka da toka, an ajiye injin a kan tebur, ja, yana sheƙi, da ledarsa. Magidanta goma sha huɗu suka ba da suna, aka raba su rukuni biyu, bakwai-bakwai, wanda lokacinsa ya fi gajarta cikin duka shi ne da inji. Alƙalin tsere Malam Abdulfattah ne, malamin wasanni na makarantar, da usur a wuya da tef ɗin awo a aljihu. Mata suna can ƙarƙashin inuwa. Iya 'Yar'azumi tun safe ta zo da kujerarta ta kama sahun gaba.

Abdulmannan ya sauko daga adaidaita da singileti an rubuta WALƘIYA da tawada a ƙirji, tumbi ya ja harafin tsakiya har ya yi faɗi. Yana rukunin farko. Ya tsaya a layin farawa ya nemi igiyar ƙarshe. Ya hango ta can, mutum biyun da ke riƙe da ita sun yi ƙanana.

"Malam, wannan na mita ɗari biyu ne. Ina namu?"

"Wannan ne naku."

"An yi kuskure a awo. Ni mako uku ina cikin mita ɗari, na san ta kamar ɗakina."

Ya sa Zarami ya ɗauko igiyar guga daga adaidaita, ya ce a gwada a ga gaskiya. Malam Abdulfattah bai yi musu ba. Ya miƙar da igiyar a ƙasa a gaban jama'a, ya ja tef a kanta.

"Mita biyar da rabi."

"Shi ya sa tunkiyar nan ta tsaya min a rai," in ji Zarami.

Can a inuwa Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska. Abdulmannan ya ce tef ɗin ƙarfe ne, kuma kowa ya san ƙarfe ba ya faɗin gaskiya a rana. Malam ya naɗe tef ya ce, "Za ka yi ko ba za ka yi ba?" Ya waiga ya dubi injin a kan tebur, ya ce zai yi.

Layinsa ne na gefe. Kusa da shi wani dattijo ne siriri mai suna Tukur, mai kiwon shanu a bayan gari, shekarunsa sun doshi sittin. Ya zo kallo ne ya ji ana rubuta suna ya bayar. Ya naɗe riga a ƙugu, ya ba wani sandarsa ya riƙe masa, ya tsaya a tsaye da takalmin roba. Abdulmannan ya durƙusa, ya kafa yatsu a toka, ya ɗaga baya sama, ya dube shi ta ƙasan hammata.

"Baffa, wannan ba bin saniya ba ne. Akwai ilimi a ciki."

"To," in ji Tukur.

Malam ya kai usur baki, bai busa ba Abdulmannan ya fita. Aka dawo da shi. Karo na biyu wani ya yi tari a cikin 'yan kallo, ya sake fita, sai da ya yi taku ashirin kai a ƙasa kafin ya ji ana kiransa. Ya dawo yana haki. Malam ya ce saura ɗaya ya cire shi.

A na uku aka tashi tare. Taku goma na farko yana cikin mutane, har wasu suka fara kiran Walƙiya da gaske. Sai Tukur ya wuce shi, ba haki ba yamutsa fuska, kamar wanda maraƙi ya ɓalle masa da safe. Sauran suka bi. Da Abdulmannan ya kai daidai tsawon lungunsu, jikinsa ya san an iso gindin darbejiya, lokacin kwanciya ya yi. Ƙafafu suka daina karɓar umarni. Hannuwa kaɗai ke ta gudu, sama da ƙasa, shi kuwa tafiyarsa ba ta fi ta mai ɗauke da tulu ba. Ƙusa ɗaya ta huda kambas ta same shi a diddige. Ya ci gaba yana ɗingishi, baki a buɗe. Sauran shida sun daɗe da tsallake igiya, Tukur har ya karɓi sandarsa. Saura taku goma, jijiyar cinyarsa ta harɗe, ya zube a kan toka.

Mutum biyu suka zo ɗaga shi, ya kama ciyawa.

"Kada wanda ya taɓa ni. In aka ɗauke ni an cire ni ke nan. Ina cikin tsere."

Aka lallashe shi, ya ƙi. Aka yi masa fifita, ya karɓa. Rana na yi, rukuni na biyu na jira. Malam Abdulfattah ya ce tunda a layin gefe yake, a bar shi nan, a matsa da sauran ciki. Aka sake miƙe igiya, aka jera mutum bakwai, ya busa usur.

Jin usur ɗin, Abdulmannan ya ɗaga kai. Ya waiga ya hango mutane sun taso daga nesa, ya duba gaba ya ga igiya ga ta nan. Ya miƙe da ƙafa ɗaya. Ya yi tsalle, ya ƙara, ya ƙara, tumbi na sama na ƙasa, ƙurar masu gudu na matsowa. Saura ƙiris na gabansu ya iso, Abdulmannan ya faɗa kan igiya da ƙirji, ya ja masu riƙe da ita suka zube tare.

Kafin a ankara ya rarrafa zuwa tebur ya rungume injin.

"Kowa ya gani. Ni na fara taɓa igiya."

"Malam, wannan rukuni na biyu ne," in ji Malam Abdulfattah. "Naka ya ƙare tun ɗazu."

"Igiya ɗaya ce. An ce wanda ya fara taɓawa, ba a ce a wane rukuni ba."

"An ce wanda lokacinsa ya fi gajarta."

"To a kira mai lokacina. Zarami, faɗa musu."

Malam ya miƙa wa Zarami abin magana. Zarami ya gyara murya, ya ɗaga waya, muryarsa ta fita ta lasifika har bakin titi.

"Ni dai tun usur ɗinsu na danna, ban kashe ba sai da ya faɗa kan igiya. Minti bakwai da sakan huɗu."

Filin ya ɗauka. Wasu suka zauna a ƙasa don dariya, mai rake ya jingina da baronsa yana share hawaye. Daga inuwar mata aka jiyo muryar Iya 'Yar'azumi tana cewa ita da ciwon gwiwarta a minti bakwai tana zuwa kasuwa ta yi ciniki.

Shugaban ƙungiya ya sanar da Tukur, sakan goma sha huɗu. Dattijon ya zo ya tsaya a kan Abdulmannan, wanda har lokacin kuncinsa na manne da tankin inji.

"Sannu, ɗan'uwa. Ilimin ne ya yi maka nauyi. Ɗan saki, zan ɗauki kayana."

Sai da aka ɓamɓare yatsun Abdulmannan ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi adaidaita ta kai shi gida, ya hango Zarami yana taya Tukur ɗora injin a kujerar baya.

"Zarami, ina za ka?"

"Aiki na samu, Walƙiya. Kai ai ba ka buƙatar abin hawa."

A baron mai rake aka kai shi gida, ƙafa ɗaya a sama, Bara'atu na biye daga nesa kamar ba ta san shi ba. Aka sauke shi a ƙofar ɗakinsa, aka jingina shi da bango. Maƙwabta suka cika zaure, wai sun zo sannu. Da ya ga an taru, ya gyara zama.

"Na gano inda matsalar take," in ji shi. "Gajeren zango bai dace da ni ba. Jikina irin na babbar mota ne, sai ya yi nisa yake ɗaukar wuta. Ku da kanku kun gani, a ƙarshe ne na fara buɗewa. Akwai wanda ake yi na kilomita arba'in da biyu, shi ne nawa."

Bara'atu ta shiga madafi, ta zubo tuwo a kwano, ta zuba miya. Ta wuce ta gabansa da shi, ƙamshi na bin ta, ta kai can ƙarshen tsakar gida kusa da turken awaki ta ajiye.

"Ga abincinka can, Baban Aziza. Fara da wannan zangon."

Ya dubi kwanon. Bai fi taku goma sha biyu ba. Ya dafa bango, ya motsa ƙafar, ya cije leɓe, ya koma ya zauna. Mutanen zaure suna leƙe.

"Ba na jin yunwa," in ji shi.

Yana nan jingine yana kallo har kaji suka gama da tuwon.